Ƙodar da Luqman Ke Saƙawa

…ga shi kuma Sha'aibu direba ya sake danna hon. Ya ce ana idar da azahar kamiyonsa, babbar motar kayan nan, zai bi ayarin sojoji zuwa iyakar Kamaru, ko da mu ko ba mu. Ya ajiye wa Baba kujerar gaba, jikin taga. A Yawunde akwai injin wankin ƙoda, nan babu — haka dokta ya gaya mini ƙarara kafin shi ma ya tattara ya bar unguwarmu ta Kilomita Biyar. To ina Baban? Yana ɗaki, ƙafa ta kumbura ko silifa ba ta shiga, wai ba inda za shi. Wai Luqman na nan tafe da sabuwar ƙoda, kada ya zo ya tarar da gida a kulle.

Luqman, ƙanena, sarkin bayani… ka ga abin da ka jawo mini?

Kai da ko kofin shayinka ba ka iya wankewa, yau kai ne mai saƙa ƙoda a ƙasar Turawa. Na gane fa, kada ka ɗauka ban gane ba. Ka ce cikin ƙoda akwai wani tantani siriri, kamar ƙyallen da nake tace gasara, yana riƙe mai amfani ya saki datti. Na Baba ya huje, shi ya sa fitsarinsa ke kumfa — ni nake zubarwa, ni 'yarsa, kaina a sunkuye, nasa ma haka. Ka ce kuna kwaikwayon tantanin da zaren siliki, ku shimfiɗa, ku zuba ƙwayoyin halittar ƙoda gaba da baya, su manne, su ɗauka gida suka zo. Hoton da ka turo… abu bai kai farce ba, cikin ɗan farantin gilashi. Na ce yaushe? Ka ce, "Yaya, a jikin mutum tukuna. Ƙila 'ya'yanki su gani."

Harbi. Wajen unguwar Kokoro ne? A'a, ya fi kusa…

Amma da na miƙa wa Baba wayar ya ce, "Za ka yi mini tawa?" sai muryarka ta koma ta yaro. "Ana kan aiki, Baba." Ana kan aiki! Na sani, haka aka raine mu, ɗa ba ya ce wa uba a'a, mara lafiya kuma sai dai a ce masa da sauƙi. Shi ke nan, Baba ya kwashi zance ya kai masallacin Koudoukou ranar Juma'a, ya faɗa da Hausa, ya faɗa da yaren Sango, har 'yan canji na yi masa barka. Rabon da in ji dariyarsa haka tun kafin a ƙona masa shago.

Yanzu wa zai ce masa babu? Kai layinka ba ya shiga. Ni ce dai. Tsoro nake ji, wallahi tsoro — in na faɗa ya karaya, ya cika a hanya. In na yi shiru ruwa ya ci gaba da hawa, jiya gwiwa, yau fuska…

Ladan yana gyaran murya. An gama ɗaure katifu. Mero maƙwabciya tana ƙwala mini kira daga saman kaya.

Bari in tsara. "Baba, abin nan bai…" A'a. "Baba, Luqman ya ce mu yi gaba, zai same mu can." Ba zai yarda ba, tambayoyinsa zai jero irin na kullum: wace rana zai sauka, wa zai taro shi, an share masa ɗaki? Bai taɓa tambayar wa zai yi aikin ba. Ko a wane asibiti. Mutumin da ko atamfa zai saya sai ya ja ta, ya ɗaga ta a rana, ya sinsina… bai taɓa cewa a nuna masa hoton ba.

Ko sau ɗaya.

Wayyo Allah. Luqman, ba ƙodar yake jira ba…

Ga labulen ƙofarsa a hannuna, an tayar da iƙama.