Bizar Kaltume

Kaltume ta ajiye tiren shayi a gaban mijinta, Dakta Mu'azzam. Saura kwana uku ta kare kundin digirinta na biyu a Kano. Tikiti na hannu, bizar fita da dawowa ce babu. A Riyadh, matar da ke zaune kan iƙamar mijinta, wato takardar izinin zamansa, ba ta barin ƙasar sai ya cire mata biza ta wayarsa, shi kuwa gogan mako biyu ke nan yana cewa manhajar ta ƙi buɗewa.

Shekara uku ta yi a gidan nan na unguwar Al-Naseem tana nazarin littattafan binciken kisan kai da matan Japan suka rubuta. Abin da ta fi jaddadawa a kundin shi ne, matar gida, wadda ba a tunawa da ita sai shayi ya huce, ita ke lura da komai. To, ita ma ta lura. Jiya maƙwabciyarta Delou ta ce cikin minti biyu mijinta ya cire mata tata. Yau da safe kuma ta tsinci kwafin kundinta a ƙarƙashin kujerar motarsa, duk ya ja layuka da jan biro.

Ta zayyana masa wannan duka ba tare da ta ɗaga murya ba, ko da yake tsoro ya cika ta. Ya daɗe yana juya cokali a kofi.

"Na karanta," in ji shi. "Mata goma sha ɗaya kika kawo daga littattafan nan, Kaltume. Wadda ba ta kashe mijinta ba, ta fita ba ta dawo ba. Kuma duk kin ba su gaskiya."

"Shi ya sa ka rufe ni, Baban Amir?"

Ya ci gaba da juya cokalin. Sai ta fahimci tsoro yake ji shi ma, abin ya ba ta tausayi, ya kuma ba ta haushi. Ta tura masa wayarsa har ta taɓa kofinsa. Manhajar ta buɗe nan take. Ya danna sunanta, ya tsaya inda ake cike tsawon tafiya.

"Kwana nawa zan sa?" Muryarsa ta yi ƙasa.

Mako biyu ta shirya yi, har ta cika masa firji da miyar da za ta kai shi.

"Sa casa'in," in ji ta.