Zoɓon Ikilima da Ɓarin Goro

A duk Saji, in Sharu Ramalan ya ce zoɓo ya yi, to ya yi. Da kurɓi ɗaya yake gane ruwan rijiya ne ko na burtsatse, a tabarma aka shanya soɓorodon ko a ƙasa. Ba a raba zoɓo a bikin gidansa sai ya ɗanɗana.

Shekara goma sha biyu Hajiya Saudat, ɗaya daga matan gidan, ke haɗa na gidan. Da bikin jikarsa Hafsa ya matso, sai Ikilima ta ce ita ma za ta gwada. Matar jikansa Jabiru ce, daga Fammar aka kawo ta bara. Matan gida suka yi dariya, suka ce mutanen Fammar jan ruwa kawai suka iya. Ikilima ta san in tsohon ya ƙi nata, da Jan Ruwa za a riƙa kiranta har ta tsufa.

Ta wanke soɓorodonta sau uku, ta jiƙa shi ya kwana a tukunyar ƙasa. Ta daka citta da kanumfari, ta sa sukari kaɗan.

Da hantsi ta kai masa zaure, ta durƙusa. Matan suka laɓe a bayan ƙofa.

"Angona, ga shi. Ka ji tsoron Allah."

"Amarya, na sha na waɗanda suka fi ki," in ji Sharu.

Ya ɗaga kofin gilashin a hasken ƙofa. Ya shinshina. Ya kurɓa, ya juya shi a baki, ya haɗiye.

"Launi ya yi. Citta ta zauna. Amma zaƙi ya kashe shi. Wannan na yara ne."

Aka ƙyalƙyale da dariya a bayan ƙofa. Ikilima ta sunkuyar da kai. Ita ta san abin da ta zuba. Tana ɗaga kai sai ta hango ɓarin goro a naɗin hularsa, da shatin haƙori a jiki. Kowa ya san in aka ci goro, ko ruwa aka sha sai ya yi zaƙi.

Ta tashi ta ɗebo ruwa a randarsa.

"To kora da wannan, kada zaƙin ya hana ka cin tuwo."

Ya sha. Ya ɗaure fuska.

"Wa ya sa mini sukari a randa?"

"Mai goro, ina jin," in ji Ikilima, idonta a ƙasa.

Sharu ya shafa hula, ya ciro ɓarin goron, ya dube shi, ya tura aljihu. Ya sa aka kawo masa soyayyar gyaɗa, ya tauna, ya kurkure baki sau uku. Ya jira har inuwa ta bar bakin zaure, sannan ya sake kurɓa.

Wannan karon ya daɗe bai haɗiye ba.

"Tsami na gaba, kanumfari na biye, ƙamshin tukunya a ƙarshe. Ku matan da ke bayan ƙofa, ku ba ta babbar randa, ita za ta haɗa na biki."

"Ashe jan ruwan Fammar ya shiga, tsoho?" in ji Ikilima.

"Goron ne ba shi da kyau," in ji Sharu. Ya miƙa mata kofin. "Ƙaro."