Darasin Fita

A gidana darasin farko ba lissafi ba ne, ba dikte, wato shifta, ba ne. Fita ne. Akwai tsohon jantin taksin maigidana Zubairu, ƙarfen nan da taya ke zama a kansa, na rataye shi jikin katanga. Kowace safiya, ba na faɗin lokaci, sai in ɗauki guntun rodi in buga. 'Ya'yana Zalika da Mu'azu su saki duk abin da ke hannunsu, su fice ƙofar gida su tsaya gindin dogon yaro, ni kuwa ina ƙidaya. Da fari sai na kai ashirin kafin su fita, yanzu ba na wuce takwas. Doka ɗaya ce: ba mai komawa ciki sai na ce ya koma. In na faɗa, mu dawo mu buɗe kaye, littattafan rubutu.

Maƙwabta a Kirkissoye sun gaji da leƙe. Sun ce Hadiyya ta taɓu. Su ce mana, baki nasu ne.

Shekara huɗu ke nan da fara wannan. Ina da auta, Ismaël, shekararsa shidda. Ajinsu na zana ne, irin wanda ake kafawa idan azuzuwan siminti sun cika. Ya fi 'yan ajinsu tsawo, shi ya sa madam, malamarsu, ta zaunar da shi layin baya, har nakan yi wa mata fahari da hakan. Ran wata Alhamis ina gida ina ƙulla lamurje a leda, sai na ji ana buga ƙarfen lakol, makarantarsu, ba tsayawa. Wuta ce ta kama. Ƙofar ajin ɗaya ce. Na gaba sun fita.

Zalika tana ajin siminti da ke kallon nasu, ta ga komi da idonta. Ba mu taɓa yin maganar ba, ni da ita.

Ban yi kuka ba. Masu gaisuwa suka yi ta yaba haƙurina, alhali ba haƙuri ba ne, ba na jin komi ne kawai, kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Ran sadakar bakwai na rushe rumfar zanar tsakar gida, na sa aka cire ƙyauren ɗakin yara, na ce babu mai sake taka lakol. Zubairu ya yi magana sau ɗaya.

"Hadiyya, ajali ko a ɗaka yana iske mutum."

"Na sani, Malam. Sai ya iske su ina kallo."

 Kashegari ya sayo baƙin fenti ya shafa mini tablo, allon rubutu, a bango.

Ni karatuna aji uku na kwaleji ya tsaya, da shi na fara. Littattafai kuwa wajen masu shimfiɗa su a ƙasa, can gefen kasuwar Wadata, wani ba bango, wani ba shafin ƙarshe. Ina tsaka da dikte mai sayen ƙanƙara zai yi sallama, in je in dawo in iske Mu'azu ya zana babur a inda ya kamata jimla ta zauna. Yaron nan in da ana ba da takardar shaida a kan hamma, da tuni ya gama. Nakan daka masa tsawa don an ce uwa tana tsawa, amma ko fushin ba ya kai mini ciki. Mu yi lissafi, mu yi hutu ƙarfe goma su ci ƙosai, mu yi tarihi, azahar ta yi. Gobe ma haka.

Zalika ta wuce ni tun shekara ta biyu. Tana aro kayen ɗiyar maƙwabta ta kwafe, abin da ya shige mata duhu ta nema a wayar babanta. Aikina ya koma riƙe littafin amsoshi, ta faɗa in duba in ce daidai, ba don na gane ba. Bana ta cika sha shidda, sai babanta ya kai takardunta aka rubuta ta cikin masu jarrabawar birbe daga gida. Da ita ake shiga lise, babbar sakandare, ita kuma ungozoma take son zama. Ban hana ba, don a lokacin watan shidda, watan jarrabawar, yana da nisa.

Sai ga shi ya zo. Takardar kira ta iso da sunan kwalejin da za ta zauna, da lambar aji, da lambar tebur. Wanda bai riƙe ta ba ba ya shiga. Na karɓa na sa a ƙasan kwalla na rufe. Shekara huɗu ɗiyata ba ta zauna ƙarƙashin rufin da ban gani ba, ga shi ana so ta yi kwana uku.

Ana gobe jarrabawa na yafa mayafi na tafi kwalejin. Mai gadi ya bar ni na shiga. Ajin na siminti ne, rufin kwano, tagogi da sandunan ƙarfe waɗanda ko kan jariri ba zai bi ba, ƙofa ɗaya. Wani mushe, malamin makarantar, yana bin tebura yana rubuta lambobi da alli. Na nemi ta Zalika. Layin baya, can lungu.

"Mushe, don Allah a maido wannan lambar kusa da ƙofa."

"Hajiya, ba ni na raba ba. Yadda jeri ya zo haka nake rubutawa."

Ban roƙe shi sau biyu ba. Na tsaya a teburin na taka zuwa ƙofa. Taku goma sha huɗu, da kwana ɗaya wajen teburin malami.

Da na dawo gida na iske ta da littafi tana bita. Na ce ta ajiye. Na jera bulo da bokitai da turmi a tsakar gida yadda teburan suke, na sa kujera a lungu, na ce nan ne wurinki, can ce ƙofa. Na buga janti. Ta tashi ta bi tsakanin bokitai, ta yi kwana a turmi, ta fita. Na ce ta koma. Muka yi ta yi har la'asar sakaliya, 'ya'yan mutane suna can suna haddar darasi. Ba ta yi ƙorafi ba. Sau ɗaya ta tsaya tana haki ta dube ni.

"Inna, za ki ba ni takardar?"

"Sake," na ce.

Da safe Zubairu bai fita aiki ba. Ya wanke taksi ya zauna a ciki. Zalika ta shirya, bik biyu na rubutu a hannu, ta tsaya bakin ɗakina. Na buɗe kwalla na miƙa mata takardar. Ba wai na yanke shawara ba ne, hannuna ne ya yi, ina kallonsa. Na bi su cikin mota.

Ƙofar kwalejin cike da iyaye, ɗan sanda ya tsare kowa a waje. Na samu wuri na kama sandunan ƙofar, daga nan ina hango ajinta. Aka kira sunaye ɗaya bayan ɗaya, ita ce kusan ta ƙarshe, ta shiga ba ta waiwayo ba. Fili ya yi tsit.

Sai na ga mai gadi ya nufi wata bishiya da guntun ƙarfe a hannu. Jiya na ƙidaya ƙofa, na ƙidaya taga, na ƙidaya taku, amma ban ga jantin da ke rataye a bishiyar nan ba. Da shi ake shaida wa azuzuwa a fara. Ya ɗaga hannu ya buga.

Bakina ya kama ƙidaya da kansa. Ɗaya, biyu, uku. Ina cewa shidda Zalika ta faso daga ƙofar ajin. Ita kaɗai a filin nan duka, a guje, takalmi ɗaya ya tsaya a baya. Ba ta tsaya ba sai da ta kama sandunan da nake riƙe da su. Wasu mata suka yi dariya, wata ta ce aljanu ne. Mai tsaron ajin ya fito bakin ƙofa da ambulan ɗin tambayoyi a hannu, ya ɗaga murya ya ce da zarar ya yage shi ba mai shiga.

Ita ba ta ji shi ba. Idonta a kaina, bik ɗin har yanzu a hannunta.

"Inna, nawa?"

"Shidda."

Ta gyaɗa kai, ta tsaya tana jira, yadda take tsayawa gindin dogon yaro. Shekara huɗu ina tsaye gaban tablo da littafin amsoshi, ashe wannan kaɗai ne darasin da ni na koya mata, kuma ta iya shi sarai. Mota tana bayana, taku goma ba ta kai ba. Da na juya za ta biyo ni, ba za ta taɓa tambayata dalili ba. Ɗan sandan ya dube ta, ya dube ni.

"Hajiya, ciki ko waje?"

 Sau dubu na faɗi kalmar nan a ƙofar gida, ran nan sai da na nemo ta.

"Koma."

"Inna..."

"Ba komi. Koma, Zalika. Ɗauki takalminki."

Ta saki ƙarfen. Ta taka a hankali, ta sunkuya ta sa takalmin, ta ci gaba. Ina ƙidaya. Na kai arba'in da ɗaya ta shige, mutumin ya bi bayanta, na ji ƙarar yage takarda ko kuwa kunnena ne.

Zubairu ya zo ya ce in shiga mota in zauna, awa biyu za su yi kafin hutu. Na ce a'a. Iyaye suka watse suka nemi inuwa, rana ta hau, ni ina nan idona a kan ƙofa ɗaya ɗin nan. Can ya dawo da ruwan leda, ya tsaya ya dubi hannuwana.

"Hadiyya, ƙarfen nan ya ɗau zafi. Zai ƙona ki."

Sai da ya faɗa na ji. Da zafi ƙwarai, har cikin ƙashi, na daɗe ban ji wani abu ya yi mini zafi haka ba. Idona ya kawo ruwa, ƙofar ajin ta yi dishi-dishi, na goge da kafaɗa don in ci gaba da ganinta. Ban saki ba.