Kofi Mai Jan Layi

Ranar da za su sauko daga saman bene su koma ɗakin ƙasa, maman yara ta hana kowa taɓa mata kabad ɗin kicin. 'Ya'ya da surukai sun kwashe gado, sun kwashe kujeru, keken ɗinkinta kuwa ƙatti biyu ne suka rungume shi suna nishi sai ka ce mota suka ɗauko. Ta bi su da harara. Kai, yaran yanzu! Keken nan ubansu shi kaɗai ya saɓa shi a kafaɗa ranar da suka tare a gidan, ya haye da shi hawa na uku yana fito. Da ya dire shi ya koma ƙasa ya sunkuto ta ita ma, da tsohon cikinta, tana dukan bayansa tana cewa ya sauke ta mutane na kallo.

Mai Famfo ake ce masa, duk unguwa. Mutum ne marar surutu, gaisuwarsa ba ta wuce "sannunku" yana tafe. Amma fa ba ya ƙarya. Idan bututun gidanka ya mutu zai gaya maka ya mutu, ko da za ka kore shi ka kira wani. Ita ma tun tana amarya ta gane haka, domin ranar da ta tambaye shi ko girkinta ya yi daɗi, cewa ya yi gishiri ya yi yawa, ta kwana tana kuka. Daga baya abin ya zama abin tinƙahonta a cikin mata. In ana zagin maza, sai ta gyara ɗankwali ta ce nata dai in ya ce bai yi ba, to bai yi ba.

Ga shi da shan ruwa kamar raƙumi. Idan ya dawo aiki, ko takalmi bai cire ba, a bakin ƙofa zai tsaya ta miƙo masa babban jug mai sanyi, ya kafa kai, maƙogwaronsa na hawa da sauka, ruwan na gangarowa gemunsa. Ita kuwa tsayawa take tana kallo. Wallahi tana son wannan tsayuwar fiye da duk wata tsaraba da ya taɓa kawo mata.

Sai hawan jini ya cinye masa ƙoda. Aka ɗora shi a kan na'urar wankin ƙoda sau uku a mako, likita kuma ya yanke masa ruwa: ɗan kaɗan a yini, domin abin da ya sha a jikinsa yake zama har sai na'ura ta janye. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana kai wa jama'a ruwa gida! Maman yara ta samo ƙaramin kofin tangaran, ta ja masa layi da jan farce, ta ce daga nan ba a wucewa. Shi kuma ya raɗa mata suna Sajan. "Sajan, a taimaka wa fursuna da ɗigo ɗaya mana." Ta ce ko rabin ɗigo. Haka suka yi shekaru, yana tsokana tana gadi, kuma ko sau ɗaya bai ƙetare layin ba. In ƙishi ya matsa masa, ƙanƙara yake tsotsa yana lumshe ido kamar yaro da alewa.

A bara ne abin ya fara canjawa. Mai Famfo da bai san zama gidan mutane ba, sai ga shi ya zama sarkin zumunci. In sun dawo daga asibiti, a hawa na ɗaya zai tsaya ƙofar tsohuwar malamar makaranta, ya dafa bango, yana tambayar lafiyar jikokinta ɗaya bayan ɗaya. A hawa na biyu ya jingina da ƙofar mai gyaran agogo, a yi ta hirar ƙwallo, shi da bai taɓa sanin wa ke buga wa wa ba. "Wuce kawai, ina zuwa," yake ce mata. In ya iso sama kuwa, sai ya zube a kujera yana haki, ƙirji na ɗagawa.

To ita ba baƙuwa ba ce a ɗakin wankin ƙoda. Ta sha zama a bencin masu jinya, ta ga yadda ake shigo da waɗanda suka saci ruwa suna numfashi da kyar, ta ji nas tana yi musu faɗa. Abin da ta sani ke nan: haki, ruwa ne ya yi yawa. Sai ta haɗa wannan da wancan, zuciyarta ta ba ta amsa. Ashe ruwa yake roƙa a gidajen maƙwabta!

"Baban yara, nawa ka sha a ƙasa?"

"Na sha me?"

"Kada ka raina mini hankali. Ji yadda kake huci."

"Wallahi ban sha ba."

"Au, har da rantsuwa ka koya da tsufanka? Ƙarya dai ba ta yi maka kyau ba."

Ya dube ta, ya daɗe yana dubanta. Daga ranar bai sake ce mata Sajan ba. In ta miƙo kofi sai ya karɓa ya ce "na gode", kamar baƙon da ya sauka jiya.

Da ta tsaya nan ma da sauƙi. Ina! Ta sauka ta ƙwanƙwasa wa malama, ta ƙwanƙwasa wa mai agogo, ta ce duk wanda ya ƙara ba mijinta ruwa ita da shi ne. Suka rantse ko maƙurwa bai taɓa nema ba, ta ce a ranta bakinsu ɗaya. In za ta kasuwa kuma sai ta kwance kan famfon kicin da na banɗaki ta jefa a jaka. Shi ya koya mata kwancewar da hannunsa, tun suna da ƙuruciya. Kuma ga akwatin sifanunsa nan ƙarƙashin gado, wanda da ido rufe zai buɗe kowane famfo da shi, amma ko wannan bai sa ta yi tunani ba.

A asibiti ta ja nas gefe ta kai ƙara. Nas ta ce ai sikeli bai nuna ya ƙara nauyi ba. Maman yara ta ce to ba ya rame ba? Naman ya zube, ruwa ya maye gurbinsa, shi ya sa sikelin ke rufa masa asiri. Maganar ba ta rasa kan gado ba, domin hakan na faruwa, sai aka ce bari a ɗan ƙara abin da na'ura ke janyewa a gani. Ba a yi nisa ba na'urar ta hau ƙara. Tana daga bakin ƙofa ta ga kansa ya langaɓe gefe, nas-nas sun yi kansa a guje, ana kwantar da kujerar ana ɗaga ƙafafunsa.

Da ya farfaɗo, wata likita ta ɗora abin sauraro a ƙirjinsa, ta daɗe tana matsar da shi, sannan ta tura su hoton zuciya. Sakamako ya fito, ta zaunar da su biyun. Ta ce akwai wata 'yar ƙofa a zuciya da ke buɗewa jini ya fita zuwa jiki. A jikin waɗanda suka daɗe a kan wankin ƙoda, wani abu mai kama da alli yakan taru a kanta ta taurare, ta daina buɗewa sosai. Shi ke kawo hakin, shi ya sa kuma jininsa ya faɗi da aka ƙara jan ruwa.

"Kamar tsohon bawul ɗin famfo da ya kama," in ji Mai Famfo a hankali.

"Kamar haka, Baba. Kuma ba zan ɓoye muku ba, wannan ciwon ya fi wahalar da masu wankin ƙoda, aikinsa ma ya fi musu haɗari. Za mu duba ko za a iya sa sabuwar ƙofa ta jijiyar cinya ba sai an buɗe ƙirji ba. Kafin nan, a raba shi da hawa bene."

Maman yara ta buɗe baki da kyar. "Likita, ba ruwa ba ne?"

"Ba ruwa ba ne, Mama. Ai Baba yana cikin masu kiyayewar da muke alfahari da su."

Shi ke nan. Tsayuwar da yake yi a ƙofofin mutane, numfashi yake nema, kunya ce ta hana shi ta ga ƙarfinsa ya ƙare a kan matakalar da ya taɓa hawa da ita a hannu. Tun daga ranar take neman bakin ba shi haƙuri. Ta mayar da kan famfunan, ta dafa duk abin da yake so cikin abin da aka yarje masa, amma ta kasa furta kalmar, shi kuma yana nan da "na gode" ɗinsa.

Yanzu ga ta ita kaɗai a ɗakin da ya zama fanko. Ga tabon da jug ya bari a kan kantar kicin, ga zanen tsayin yara a jikin ƙofa, ga tagar da take leƙo shi in ya shawo kwana da jakar aiki a kafaɗa. Kewa ta kama ta har ta zauna a ƙasa ta yi kukanta ta ƙoshi. Sannan ta buɗe kabad, ta ɗauko kofin, ta sauko da shi a hannu.

Tana wucewa malama ta leƙo, mai agogo ma ya leƙo, ta sunkuyar da kai ta gaishe su. A ƙasa ta same shi zaune a sabon ɗakin, cikin kwalaye, yana kallon famfon kusurwa da ke ɗiga, hannunsa na ƙaiƙayi. Ta buɗe famfon ta tara kofin. Ruwa ya zo layi, ta ƙi kashewa, ya wuce, ya cika har baki. Ta durƙusa a gabansa, ruwan na zuba a yatsunta.

"Baban yara, na ce ka yi ƙarya, kuma ba ka yi ba. Ka yafe mini."

Ya karɓi kofin da hannu biyu. Ta ga maƙogwaronsa ya motsa, domin ƙishin nan bai taɓa barinsa ba ko na yini ɗaya. Ya kalli ruwan, ya kalle ta.

"Da na san za a kama ni da laifin, ai da na sha abina."

Ta yi dariya hawaye na zuba. Ya karkata kofin a kan tukunyar furen da ke gefensa, a hankali, yana duba jan farcen har ruwan ya dawo daidai wurinsa.

"Kin wuce layi, Sajan," ya ce, sannan ya sha.