Duniyar da Baba Sambal Ya Miƙar

Mutanen layin sun ce idan Baba Sambal mai gyaran keke ya ga abu a karkace, abinci ba ya shiga cikinsa. Mai aski ya rantse cewa ya taɓa tashi ana tsakiyar yi masa aski, rabin kai da kumfa, don ya daidaita madubin bango. Matarsa kuwa cewa take tun aurensu ba ta taɓa jin "yi haƙuri" daga bakinsa ba. In ya ɓata mata rai, sai dai ta wayi gari ta tarar an gyara mata ƙofar kicin.

Ranar da autarsa ta shigo shago tana haki, yana ɗaure wayoyin wani gargare.

"Baba, za a zo duba ni a aji. In na faɗi gwajin koyarwa, sai na maimaita shekara. So nake ka ƙera mini rana da duniyoyinta, masu motsi."

"Duniyoyi? Ɗayar ma mun gama da ita ne?"

Auta ta tsuguna ta zana masa a ƙasa da sifana. Rana a tsakiya, kowace duniya da hanyarta. Na kusa da rana sun fi saurin kewayawa, na nesa suna tafiya a hankali, shi ya sa ba kullum suke jeruwa ba.

Baba ya ƙura wa zanen ido. Can sai ya tafa cinya.

"Giyar keke ce! Ƙarama ta yi gudu, babba ta ja jiki. Yarinya, ai da tun farko kin ce mini keke ne a sama!"

Daga ranar aiki ya tashi. Tsofaffin sarƙoƙi suka sha mai, giyoyi suka fito daga kwandon tarkace, ƙwan fitila ya zama rana, feda ɗaya ta zama abin juyawa da hannu. Masu kawo faci suka riƙa tsayawa kallo har su manta da kekunansu. Mai aski ya leƙo ya ga ƙwallon duniyar Zuhal da zobenta, ya ce ko ita ma an yi mata baiko ne. Ƙwallon duniyarmu kuwa Auta ce ta fente shi shuɗi, ta kafa shi da hannunta a kan wayar taya, lokacin Baba ya fita sayo noti.

Ranar gwaji da safe Baba ya riga ta fita, ya tura na'urar a kura zuwa makaranta. Yana ɗora ta a kan tebur idonsa ya faɗa kan duniya. Wayarta a karkace, kamar mai gyangyaɗi.

"Hannun 'yan boko," ya ce, yana murmushi. Ya zaro filaya daga aljihu, ya miƙar da ita tsaf, ya fita ya laɓe jikin taga.

Yara suka cika aji. Malamar da ta zo duba Auta ta zauna a baya, ba fara'a, biro a hannu. Auta ta kunna ƙwan, ta kama feda. Sarƙa ta ɗauka, duniyoyi suka fara kewaya, kowace kuma tana juyi a kan wayarta.

Ajin ya ɓarke.

"Anti, ƙaramar ta wuce su!"

"Babbar raguwa ce!"

"Za su jeru! Za su jeru! Wallahi sun jeru!"

Baba ya riƙe ƙarfen taga, haƙoransa duka a waje.

"To, yanzu babban darasin," in ji Auta. "Me ke kawo lokacin zafi da lokacin sanyi? Ku dubi duniyarmu. Yaya take tsaye?"

"A miƙe!" suka amsa baki ɗaya.

Auta ta sunkuya ta duba. Hannunta ya saki feda. Ba ta tambayi kowa ba, ta dai juya a hankali ta kalli taga. Malamar ta ɗaga kai, biro ya tsaya a iska. Baba ya ji filayar aljihunsa ta yi nauyi, ko da yake bai gane laifinta ba.

Auta ta juyo ga yaran.

"Madalla. A miƙe take. Ku bi hasken da ido." Ta juya feda har duniya ta zagaye rana. "Ya canja wuri?"

"A'a!"

"Da haka take, da shekara duk lokaci ɗaya ce." Ta tako bakin taga ta miƙa hannu. "Baba, ara mini filaya."

A gabansa ta lanƙwasa wayar. Ya runtse ido. Da ya buɗe, duniya na tafiya a karkace, haske ya fi yawa a samanta, da ta kai ɗaya gefen ya koma ƙasanta. Yara suka miƙe tsaye suna ihu, wani ya hau benci. Baba ya bi hasken sau biyu, sannan bakinsa ya buɗe. Ashe dama a karkace aka yi ta.

Malamar ta mayar da ido kan takarda. Ta yi rubutunta, ta rufe jaka. Amma da ta zo fita, ta tsaya ta juya fedar da kanta, ta sake juyawa, kafin ta wuce.

Aji ya watse. Auta na share allo, ba ta waiwayo ba. Baba ya shigo yana juya filaya a hannu. Ya ja zif ɗin jakarta, lafiya lau. Ya girgiza kujerarta, ba ta motsa ba. Ya taɓa sakatar ƙofa, ya dubi takalminta. Babu abin gyara ko ɗaya.

Ya tsaya kusa da duniyar nan mai karkata, ya mayar da filaya aljihu, ya yi gyaran murya.

"Auta," ya ce. "Ni na taɓa miki. Ki yi haƙuri."