Rungumar da Aka Busa wa Usur

Ranakun aiki tana tsaye bayan teburin ciniki a wani kantin magani, tana fama da rubutun likitoci da ba ya karantuwa. Ranar Asabar kuwa sai ta sa riga mai ruwan toka, ta rataya usur a wuya, ta nufi babban ɗakin wasa da ke bayan tashar mota, inda take alƙalancin ƙwallon kwando na mata. A can ba wanda ya san ta da wani suna sai Alƙaliya. Har maigidanta, mai gyaran agogo, ya ɗauki sunan yana tsokanarta da shi a gida. In ya zubar da shayi a kan tebur sai ya ɗaga hannu ya ce, "Ranki ya daɗe, ba da gangan ba ne." Ita kuma ta ce, "Ba ruwana da gangan ɗinka, hannunka na gani. Ɗauko tsumma."

Wasa take yi da shi, amma abin da aka koya mata ke nan. Tsohon da ya horar da su ya sha gaya musu cewa alƙali ba shi da tagar da zai leƙa zuciyar ɗan wasa. Abin da ido ya gani kawai ake yi wa hukunci. Hannun nan ƙwallo ya nufa ko mutum? An kama 'yar wasa ta baya alhali ba kowa tsakaninta da kwando? In haka ne, babban laifi ne, ko da wadda ta aikata waliyyiya ce: a ba wadda aka yi wa jifa biyu ba mai tare ta, sannan ƙwallo ya sake komawa hannun ƙungiyarta. Alƙaliya ta daɗe tana aiki da wannan, kuma yana sa ta barci lafiya.

Akwai wani abu da ke samunta a fili wanda ba ta taɓa gaya wa kowa ba. Idan wasa ya yi nisa, sai ta ji hayaniyar 'yan kallo ta ja baya, kamar ta tsoma kanta cikin ruwa. 'Yan wasa su daina gudu su koma shawagi. Ƙwallo ya tashi a hankali, har tana iya ganin baƙaƙen layukan jikinsa suna juyawa. A irin wannan lokaci ne take ganin komai sarai, kuma saboda shi ne take barin kanti da gajiyarsa ta zo nan.

Asabar ɗin da ake magana, an yini ana ruwa. Wasan ƙarshe ne na kakar, tsakanin masu farar riga da masu shuɗiya, kuma abin da ya cika ɗakin da mutane shi ne 'yan'uwa biyu, uwa ɗaya uba ɗaya, kowacce a ƙungiya daban. Babbar, mai tsaron baya ta fararen, ana ce mata Katanga, don ba a wuce ta. Ta riga ta faɗa cewa daga wannan wasa ta ajiye takalmi. Ƙaramar tana cikin shuɗayen, kowa Auta yake ce mata kamar yadda ake kiranta a gida. Siririya ce, mai gudu kamar ba ta taɓa ƙasa, kuma ba ta daɗe da dawowa fili ba bayan aikin da aka yi mata a gwiwa. Mahaifiyarsu ta zauna daidai tsakiyar layin kujeru, ta sa koren mayafi don kada a ce ta ɗauki ɓangare, lemarta a jingine tsakanin ƙafafunta.

Ruwa na dukan rufin kwano har ba a jin ihun koci. Hasken da ke shigowa ta manyan tagogin sama ya yi fari-fari, ya kwanta a kan katakon fili. Tattabarun da ke kwana a ƙarafan rufi suka taru wuri guda suna kallon ƙasa kamar su ma sun sayi tikiti. Tun a zango na uku Alƙaliya ta shiga wannan shirun nata. Tana gudu a gefen layi, tana jin numfashinta da kukan takalma, ba ta jin komai bayan su.

Wasa ya zo ƙarshe-ƙarshe, fararen na gaba da maki ɗaya, ƙwallo kuma a hannunsu. Ɗayarsu ta yi sakaci wajen miƙawa. Auta ta fito kamar daga ƙarƙashin ƙasa, ta cafke ƙwallon, ta miƙe ita kaɗai zuwa ɗaya kwandon. Ba kowa a gabanta. A bayanta sai yayarta.

Alƙaliya na biye da su a gefe. Ta ga Auta ta tattara ƙwallo a ƙirji za ta tashi. Ta ga Katanga ta buɗe hannuwa biyu, ba ta ko dubi ƙwallon ba, ta rungumo ƙanwarta ta baya a kugu, ta ɗaga ta cak. Gudun da suke yi ya juya da su, suka zagaya tare, ƙafafun Auta na lilo a iska, kamar uwa na yi wa 'yarta wasa a tsakar gida. Sannan Katanga ta dire ta a hankali a bayan layi. Ba wadda ta faɗi. Ƙwallon ya gangara shi kaɗai zuwa bango.

Alƙaliya ta busa usur. Ta ɗaga hannu sama ta kama wuyansa da ɗaya hannun, alamar babban laifi. Hannunta na nan a sama lokacin da idonta ya sauka ƙasan kwandon, ta ga wani wuri mai faɗin faranti yana sheƙi. Ruwa ne. Tana kallo wani ɗigo ya sauko daga rufi, a hankali, ya faɗa tsakiyarsa. Daidai inda ƙafar Auta mai ciwo za ta sauka.

Sai hayaniya ta dawo mata gaba ɗaya. Kocin fararen ya shigo fili yana nuna ƙasa da yatsa. 'Yan kallo sun miƙe. Abokin aikinta, alƙali na biyu, wani malamin makaranta mai sanyin hali, ya matso ya rufe baki da hannu.

"Kin ga ruwan?" ya ce.

"Yanzu na gani."

"To ki mayar da shi ƙaramin laifi. Kowa ya san me ya sa ta yi. Ba wanda zai ce miki komai."

Ta dubi Katanga. Tana tsaye hannu a kugu, tana haki, idonta a ƙasa. Alƙaliya ta nemi wani abu a fuskar, tsoro ko dabara ko kunya, ba ta sami abin da za ta riƙe ba. Fuskar gajiyayyiya ce kawai.

"Malam, ƙwallo ta nufa?"

"A'a."

"Ta baya ta kama ta?"

Ya gyara zaman gilashinsa.

"To shi ke nan," ta ce. "A kawo tsumma a goge wurin."

Laifin shi ne na biyar ga Katanga, don haka dole ta fita. Ba ta yi gardama ba. Ta taka zuwa benci, ta zauna a ƙarshensa, ta ɗora tawul a ka. Haka wasanta na ƙarshe ya ƙare.

Aka goge ruwa, aka ajiye wani da tsumma a gefe yana jiran ɗigo na gaba. Auta ta tsaya a layin jifa. Alƙaliya ta miƙa mata ƙwallo, ta ga idonta ya ciko. Yarinyar da ba ta cika zubar da irin wannan jifa ba ta ɗaga hannu ta saki ƙwallon ba ƙarfi, ya taɓa gaban ƙarfen kwando ya faɗo. Ɗakin ya yi tsit. Ko hannunta ne ya yi sanyi, ko zuciyarta ce ta ƙi, Alƙaliya ba ta sani ba, kuma ba aikinta ba ne ta sani.

Daga benci Katanga ta zame tawul daga kanta. Ba ta ɗaga murya sosai ba, amma an ji ta.

"Auta. Kika ƙara zubarwa, ki nemi gidan da za ki kwana."

Wasu suka yi dariya. Auta ta share ido da wuyan riga, ta buga ƙwallo a ƙasa, ta jefa. Ya shige raga ba tare da ya taɓa ƙarfe ba. Maki ya zo daidai. Ƙwallo ya koma hannun shuɗayen daga gefe, kuma tunda ba Katanga a tsakiya, suka sami hanya a buɗe suka zura. Ƙararrawa ta yi kuka, fararen sun sha kashi.

Alƙaliya na sauya takalmi a ƙaramin ɗakin alƙalai, mai warin man zafi da jiƙaƙƙen tawul, sai aka ƙwanƙwasa. Mahaifiyar 'yan matan ce, da lemarta.

"Sannu da aiki, 'yata."

"Yauwa, Mama. Ku shigo, ga kujera."

Ba ta zauna ba. Ta tsaya tana duban Alƙaliya kamar mai duban yadi kafin ta saya.

"Da kin ga ruwan tun farko, me za ki yi?"

"Da na tsayar da wasa kafin ta isa wurin. Wannan a kaina yake, Mama, ni ya kamata in gani."

"Bayan ta rungume ta fa?"

"Abin da na yi shi zan sake yi."

Tsohuwar ta gyaɗa kai. "Tun Auta na rarrafe haka yayarta take yi mata. Ta nufi murhu, a ɗauke ta. Ta nufi bakin titi, a ɗauke ta. Wata rana ma abin wasanta ta nufa, aka ɗauke ta, don babbar na so ita ma. Ni da na haife su ban taɓa iya rarrabewa ba, balle ke da usur a baki kina gudu." Ta gyara mayafi. "Allah ya yi miki albarka. Amma yau gidana ba zai zaunu ba."

A hanyar gida ruwa ya tsagaita. Alƙaliya ta zauna kusa da tagar bas, tana kallon fitilun shaguna suna narkewa a jiƙaƙƙen gilashi. Duk lokacin da ta lumshe ido sai ta ga 'yan matan nan biyu suna zagayawa, ba sauti, ba 'yan kallo, ba kwando ma, su kaɗai a wani fili mai faɗi. Da ta isa, maigidanta ya ɗago daga agogon da yake buɗe a gabansa, ya cire ƙaramin gilashin da ke idonsa, ya dube ta. Bai yi mata tsokana ba. Ya tashi ya ɗora ruwan wanka.

Bayan wasu kwanaki, da rana tsaka, lokacin da kanti ke yin shiru fanka kaɗai ke magana, wata doguwar mace ta shigo cikin kayan gida. Sai da ta yi magana Alƙaliya ta gane Katanga ce.

"Anti, bandejin gwiwa nake nema. Na Auta ya saki."

Ta ɗauko mata kala biyu ta ajiye a kan tebur. Katanga ta ɗauki ɗaya tana ja tana saki, ba ta da niyyar tafiya.

"Duk inda na shiga sai a ce na yi abin kirki," ta ce. "Har koci da ya yi kwana biyu ba ya gaishe ni ya dawo yana cewa da shi ne ma haka zai yi. Auta kuwa ta mayar da ni wata abar tausayi, ita ke wanke mini kaya yanzu."

"To ai kin huta."

Katanga ta yi ɗan murmushi, sannan ya ɓace. "Anti, na ga ruwan. Wallahi na gan shi, tun muna tsakiyar fili yake ƙyalli a idona. Amma kuma na san in ta zura mun faɗi, kuma wasana ne na ƙarshe. Duka biyun suna raina ina gudu. Na kwanta na tashi ina tambayar kaina wanne ne ya riga isa hannuna. Ban sani ba."

Alƙaliya ta jingina da teburin. A waje wani mai keke ya wuce a hankali, inuwarsa ta bi bangon kantin ta fita.

"Ni ma na duba fuskarki ranar," ta ce. "Ban ga komai ba."

"Da kin sassauta mini, da na ɗauka kin ga wani abu. Da sai in yi ta zama da shi kamar kayan aro." Ta ajiye bandejin. "Wannan mai faɗin za ki ba ni. Ƙafarta siririya ce amma gwiwar tana kumbura da yamma."

Alƙaliya ta sa shi a leda, ta gaya mata kada a ɗaure da ƙarfi, kuma a riƙa kwancewa in za a kwanta. Katanga ta kai bakin ƙofa sannan ta juyo.

"Mama ta ce in gaya miki ki zo mu ci abinci ranar da ba ki da wasa. Ta ce ki zo da maigidan, agogon falonmu ya tsaya."

Suka je a ƙarshen watan. Maigidan ya sauke agogon daga bango ya baje kayansa a kan tebur, mahaifiyar na tsaye a kansa tana ba shi tarihin agogon tun daga wanda ya saya. Auta ta zauna a ƙasa, ta miƙe ƙafarta mai bandeji a kan matashi. Katanga na ta shiga kicin tana fitowa, kuma duk wucewar da za ta yi sai ta tsallake ƙafar a hankali, tana mita cewa mutum ya rasa inda zai ajiye ƙafarsa sai a hanya.