Waken Cindo

Tun da aka sasanta rikicin iyakar gona tsakanin Malam Shehu da maƙwabcinsa Cindo a Sule Tankarkar, hankalin Shehu bai kwanta ba. Bayan girbi kuma sai ga Cindo ya aiko masa da rabin buhun wake kyauta, mutumin da ya yi shekara biyu ba ya amsa masa sallama.

Shehu ya yi godiya a baki, aka shigar da waken cikin gida. Ranar da aka fara dafa shi da shinkafa, cikinsa ya kumbura ya yi tam, yana ta ƙugi har a sahun la'asar. Karo na biyu ma haka. A na uku ya hana kowa ci, ya zazzage waken a tabarma yana sansanawa, yana neman garin magani ko laya. Bai ga komai ba, kuma rashin ganin ya fi tayar masa da hankali.

Ranar Juma'a 'yarsa Juwairiyya, mai koyar da kimiyya a wata sakandare a Gumel, ta zo gida. Ya ja ta gefe ya rage murya.

"Akwai abin da aka sa a waken nan," in ji shi.

Ba ta yi masa musu ba. Ta shiga wurin mahaifiyarta ta tambayi yadda ake dafawa. Iya ta ce tun da famfon unguwa ya lalace ruwa ya yi wuya, ta daina jiƙa wake, ɗauraya ɗaya sai tukunya.

Juwairiyya ta dawo ta durƙusa gefen tabarmar.

"Baba, akwai abu a ciki, amma a kowane wake yake. Wani irin sukari ne, rafinos ake ce masa. Sukari uku ne manne da juna, ba shi da zaƙi sosai. Cikinmu ba ya iya raba su, sai ya wuce hanji, ƙwayoyin halittar da ke can su cinye shi su saki iska. Dahuwa kaɗai ba ta gamawa da shi, amma yana narkewa a ruwa."

"Shekara sittin ina cin wake," ya ce yana kallonta.

"Jiƙaƙƙe kuke ci, Baba."

Washegari Juwairiyya ta jiƙa mudu ɗaya na waken Cindo tun da safe, ta zubar da ruwan, ta tafasa ta sake tsanewa. Da abinci ya nuna, Shehu ya leƙa da kansa ya kira Cindo. Ya ajiye kwanon a tsakaninsu a zaure, ya yi ta jan hira kan damina, bai sa hannu ba sai da ya ga Cindo ya haɗiye loma uku.

Cikin Shehu bai kumbura ba, sai ɗan motsi kaɗan da yamma. Duk da haka ya ce wa Iya ta ajiye sauran waken daban, kada ta haɗa shi da na gida.